A INA KUƊIN MAKARANTA KE MAƘALEWA?

Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa bayan sallar la'asar. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.



Shugaba, iyayena dattawa, iyayena mata, da 'yan'uwana talakawa masu neman na tuwo a wannan kasuwa, ina gaishe ku da ƙoƙari. Na gode muku da kuka bar rumfunanku tun ciniki bai watse ba. Ni yaro ne a gabanku, aikina riƙon littafin jam'iyya da rubuta wasiƙu. Shugaba ne ya ce in tashi in yi magana a kan ilmin 'ya'yanmu, na kuwa ce to, domin akwai wani labari da na karanta wanda ya daɗe yana cina a rai.

Akwai wata irin lacca da malaman jami'a su ke yi wa junansu. Sukan taru a Zariya, ko Ibadan, ko can London, su yini suna tattauna yadda za a raba ilmi da adalci tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka. Da Turanci a ke yi, a buga a takarda, a kai ɗakin littattafai a ajiye. Wanda a ke maganar ɗansa ba a gayyatarsa, ba a kuma zuwa a gaya masa abin da aka gano. Ba na raina aikin nan nasu ba ne, a'a, wani cikinsa aiki ne na gaske. Ɗaya daga ciki na kawo muku yau, don da na karanta shi sai na ga ashe lissafin kasuwa ne, irin wanda ku kuka fi malaman sani.

Duk wanda ya taɓa ɗora wake ko gero a mota daga Dawanau zuwa Ikko ya san ƙa'ida. Ka ƙirga buhunanka, ka rubuta a takarda, ka ba direba, sa'an nan ka sanar da mutuminka na can cewa ga buhu kaza na tafe. Shi kuma in mota ta isa sai ya ƙirga. To, don Allah ina tambaya: in ka ɗora buhu 100, aka sauke 13, yaya za ka yi? Ai ko barci ba za ka yi ba sai ka bi hanyar nan tasha tasha. Amma da a ce mutuminka na can bai san ka aiko da komai ba fa? Sai ya karɓi 13 ɗin, ya yi ta sa maka albarka.

Abin da ya faru ke nan da makarantun wata ƙasa a Afirka ta Gabas, watau Yuganda.

Daga 1991 zuwa 1995 Gwamnatin ƙasar ta yi ta ƙara kuɗin da ta ke warewa don makarantun firamare. Ban da albashin malamai, akwai wani kaso da a ke ba kowace makaranta bisa yawan yaranta, don sayen alli, da littattafai, da 'yan gyare-gyare. Kuɗinsu sule su ke kiransa, kamar namu na dā. An yanka sule 2,500 a shekara a kan kowane yaro na aji 1 zuwa 4, da sule 4,000 a kan na aji 5 zuwa 7. Ƙa'ida ce sarai, ba ta bambanta birni da ƙauye ba, ba ta kuma ce ɗan wane ya fi ɗan wane ba. Kuɗin kan fito daga baitulmali a Kampala, ya sauka ofishin gunduma, kamar ka ce ƙaramar hukuma a nan, daga nan a miƙa wa makaranta.

Kuɗi na ta fita, amma ba a ga alamarsa a makarantu ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Sai a 1996 waɗansu masana biyu na Bankin Duniya, wata mace Ritva Reinikka da Emmanuel Ablo, suka shirya a bi sawun kuɗin. Ba su zauna ofis suna karanta kasafin Gwamnati ba. Mutane aka tura makarantu 250, suka zauna da hedimastoci, aka buɗe littattafan lissafi na shekara biyar, aka gwada abin da baitulmali ya fitar da abin da ya shiga hannun makaranta. Wani abin mamaki, makarantun ƙauye sun fi ofisoshin gunduma riƙe lissafi. Dalili kuwa, fiye da rabin abin da a ke tafiyar da makarantun da shi daga aljihun iyaye ya ke fitowa, iyaye kuwa suna tambaya. A ofisoshin gunduma, inda babu mai tambaya, takardun sun zama sai a hankali.

Da aka haɗa lissafi, cikin kowane sule 100 da aka aika a shekarun nan, sule 13 ne kaɗai ya isa makaranta. Wannan ma in an raba daidai ke nan. In aka bi su ɗaya ɗaya, yawancin makarantun ko anini ba su gani ba. Hedimastoci da yawa ba su ma san cewa suna da wani haƙƙi na kuɗi ba, in wani abu ya zo sai su ɗauka alheri ne na mai girma wane. Baitulmali ya biya. A gunduma abin ya maƙale, a hannun ma'aikata da 'yan siyasar wurin, wani ya shiga aljihu, wani ya tafi hidimar tara magoya baya.

Jama'a, in da labarin a nan ya tsaya, da ban tara ku ba. Satar kuɗin Gwamnati ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin da ya sa na ke son ku kasa kunne shi ne na gaba. Ita Reinikka da wani malami mutumin Suwidin, Jakob Svensson, sun sake zama a kan lissafin, suka buga sakamakonsa a 2004. Suka ga ashe ɓarnar ba daidai ta faɗa wa kowa ba. Makarantun da iyayen yaransu ke da ɗan hali sun fi samun rabonsu, na matalauta kuwa su aka fi wawashewa. Ku duba dai. Doka ta ce kowa daidai, amma da kuɗin ya bi hanya sai ya karkata wajen masu shi.

Me ya kawo haka? Ai ba sai an je jami'a ba. Unguwar da ke da ɗan kasuwa mai mota, da tsohon akawu, da wanda ƙanensa ke aiki a ofis, in aka hana su za su sa riga su tafi gunduma su yi magana, ma'aikaci kuwa ya san za su zo. Ƙauyen da babu mai karanta wasiƙa, babu kuɗin mota, kowa kuma na tsoron dagaci, wa zai je? Ɓarawo ma yakan duba katangar da ta fi gajarta.

Sa'an nan ku lura da inda nauyin ya ke sauka. In kuɗin alli bai zo ba, malami ba zai rubuta da yatsa ba. Dole hedimasta ya juya wajen iyaye: kuɗin alli, kuɗin tsintsiya, kuɗin jarrabawa, kuɗin gyaran rufi. Mai hali ya biya bai ji komai ba. Mai 'ya'ya shida da ɗan tebur na tumatir sai ya zauna ya zaɓi wanda zai ci gaba, mun kuwa san wadda a ke fara cirewa. Ni a gidanmu na gani. Mahaifinmu ya sayar da gyaɗa ya biya mini, shekarar da damina ta yi gardama ƙanwata aka zaunar, ta kuwa fi ni kai nesa ba kusa ba. Yau ni ke tsaye da takarda a gabanku, ita tana can tana suyar ƙosai. Saboda haka kuɗin da ya maƙale a ofis bai ɓace a iska ba. Haraji ne aka ɗora wa talaka a ɓoye, ya biya da kuɗinsa ko ya biya da ɗiyarsa.

To, me Gwamnatin Yuganda ta yi da aka kai mata wannan lissafi? Sai ta fara buga kuɗin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu, wata wata, da ranar da aka aika, har da jaridun da a ke bugawa cikin harsunan ƙasar. Aka kuma umarci kowace makaranta ta manna takarda inda kowa zai gani, ta rubuta abin da ya shigo mata. Watau an sanar da mai karɓar kaya yawan buhunan da ke tafe. Da aka koma aka sake ƙirgawa a kan kuɗin shekarar 2001, sai aka tarar fiye da sule 80 cikin 100 na isa makaranta. Daga 13 zuwa fiye da 80. Masanan suka ƙara dubawa, suka ga makarantun da ke kusa da inda a ke sayar da jarida hedimastocinsu sun fi sanin ƙa'idar kuɗin, sun kuma fi samun rabonsu.

Amma fa kada mu yi saurin tafi. Wani mai bincike, Paul Hubbard, ya rubuta a 2007 cewa ba jarida kaɗai ta yi wannan aiki ba, ni kuma ina ganin yana da gaskiya. A 1997 ƙasar ta soke kuɗin makarantar firamare, bisa alkawarin da Shugaba Museveni ya yi lokacin zaɓen 1996. Cikin shekara guda yara suka tashi daga wajen miliyan 3 zuwa fiye da miliyan 5. Da iyaye suka daina biya, kuɗin Gwamnati ya zama shi ne ran makaranta, kowa ya sa masa ido. An canja yadda a ke aika shi, ƙasashen da ke ba da taimako kuma suka tsaya a kai. Duk waɗannan suka haɗu. Azuzuwa kuwa suka cika maƙil, malami ɗaya da yara fiye da yadda zai iya, karatun kansa ya yi rauni. Kada kuma wani ya fita nan ya ce Akawu ya zo yana yabon Museveni. Mutumin da ya hau mulki tun 1986, wanda ya kulle 'yan adawar ƙasarsa ba sau ɗaya ba, ba abokinmu ba ne. Sai dai ko a hannun wa ka ga mudu mai kyau, ka duba yadda aka ƙera shi.

An yi irin wannan bin sawu a Zambiya ma, a farkon shekarun 2000, aka sami abin da ya ƙara haske. Can kuɗi iri biyu ne. Akwai wanda aka yanka wa kowace makaranta, adadinsa sananne, kowa ya ji. Wannan ya isa fiye da makarantu 90 cikin 100. Akwai kuma wanda aka bar wa manyan ofis su raba yadda suka ga ya dace. Wannan ko kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun bai isa ba. Hanya ɗaya, ma'aikata ɗaya, ƙasa ɗaya. Bambancin kawai, na farko mai shi ya san da zuwansa, na biyu sai wanda aka ga dama. Ku riƙe wannan, don duk sa'ad da kuka ji an ce a bar wa mai girma ya duba inda ya fi bukata, ku san ƙauyen da ba shi da kowa a ofis ya riga ya sha ƙasa.

Yanzu mu dawo gida, don ba yawon buɗe ido na kai ku ba.

Mu ma an yi mana alkawarin ilmi kyauta, har sau biyu. Na farko a watan Satumba 1976, zamanin soja. An shirya wa yara miliyan 2.3 shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun zo. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa talaka ba ya son karatu. Na biyu shi ne wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce shekara 9 na farko, watau 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Ta ce Gwamnatin Tarayya ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta don taimaka wa jihohi, ta hannun hukumar da a ke kira UBEC. Amma akwai sharaɗi: jiha ba ta ɗaukar rabonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Sau da yawa an ba da labarin biliyoyin naira suna kwance a Abuja shekara da shekaru, jihohi ba su kawo nasu ba balle su ɗauka. Ga shi kuwa a 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa wajen miliyan 20 ba su zuwa makaranta a Nijeriya, mun kuma san yankin da ya fi yawansu.

Watau mu cutarmu biyu ce. Akwai motar da ba ta ma tashi daga tasha ba, akwai kuma wadda ta tashi, mu masu jiran kaya ba a gaya mana abin da ta ɗauko ba.

Akwai wani bambanci tsakaninmu da Yuganda da ya kamata ku sani, don kada ku je ku tsare hedimasta a kan abin da bai taɓa riƙewa ba. A nan yawancin kuɗin ba ya zuwa makaranta a matsayin kuɗi. Daga Abuja ya sauka hukumar ilmin firamare ta jiha, a can a ke ba da kwangila: gina aji, gyaran rufi, benci, littattafai. Saboda haka abin da za mu ƙirga shi ne kaya. Aji nawa aka ce za a gina, nawa ke tsaye? Benci nawa aka biya, nawa yara ke zaune a kai?

Buga lissafi a jarida ma ba baƙonmu ba ne. A 2004, sa'ad da Ngozi Okonjo-Iweala ke Ministar Kuɗi, an fara buga rabon da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun Tarayya, wata wata. Abu ne mai kyau, ya kuma hana waɗansu cewa ba a ba su komai ba. Sai dai lissafin nan a ƙofar sakatariya ya ke tsayawa. Uba mai yaro a aji uku, in ka ce masa an ba ƙaramar hukumarsa miliyan kaza, me zai yi da wannan? Ba shi da abin da zai gwada shi da shi. Amma ka ce masa an rubuta wa makarantar ɗansa benci 60, gobe da safe zai leƙa ta taga. Bari in gwada ku. Duk wanda ya san abin da aka ware wa makarantar unguwarsu a bana, ya ɗaga hannu. To, kun gani. Ga mutane cike da fili, da dillalan da ba a taɓa cutarsu da ko mudu ɗaya ba, amma a nan duk a duhu mu ke.

Doka kuwa tana bayanmu. Tun 2011 akwai dokar 'yancin neman bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin Gwamnati ya nemi a nuna masa takardu, ofishin kuma ya amsa cikin kwana 7. Waɗansu jihohi suka ce ba da su a ke ba, har a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma. Akwai kuma kwamitin iyaye da mutanen gari da aka ce kowace makaranta ta kafa don sa ido a kan tafiyarta. In an cika shi da 'yan amshin shata, to, in ɓera da sata daddawa ma da wari, domin ranar da aka kira taro muna rumfa muna ciniki.

Ga abin da jam'iyya ta ke nema, wanda kuma za mu sa duk ɗan takararmu ya ɗauka a gaban jama'a. A rubuta a bangon kowace makaranta abin da aka ware mata a shekara, kuɗi ne ko kaya, da sunan ɗan kwangila, da ranar da ya kamata ya gama. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta a rediyo, gama iyayenmu mata da yawa da kunne su ke karatu. Kuɗin alli da ƙananan gyare-gyare a yanka shi bisa kan yaro, a zuba kai tsaye a asusun makaranta, a ƙara wa na ƙauyukan da ke nesa, tun da mun ga su a ke fara mantawa.

Kafin nan ba za mu naɗe hannu ba. Shugaba ya yarda kowace unguwa ta fitar da mutum biyu, dattijo ɗaya da mai iya rubutu ɗaya, ko boko ko ajami. In mace ce mai rubutun ya fi, don ita ta san gidajen da aka cire yara. Su je makarantar unguwarsu da sallama, cikin ladabi. Malamin nan ɗan'uwanmu ne talaka, wani ma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ba shi mu ke nema ba. Su tambayi yara nawa ke cikin rajista, su ƙirga nawa ke zaune ran nan. Su ƙirga malamai, da benci, da ajin da ruwa ke zuba. Su tambayi abin da aka kawo a bana da wanda ya kawo shi, su kuma rubuta duk wani kuɗi da aka ce yaro ya zo da shi daga gida, da abin da aka kira shi. Kada a ƙara, kada a rage. Ƙarya ɗaya in ta shiga, da ita za a rushe mana gaskiya ɗari, mai zargi kuwa ba shi da ƙarfi gaban alƙali sai da shaida.

Ba zan ɓoye muku ba, wani wurin za a kore ku. Za a ce siyasa kuka kawo makaranta, mai yiwuwa ma a aiko wa wani cewa ya yi hankali da rumfarsa. Don haka ne muka ce kada kowa ya je shi kaɗai, kuma wasiƙar neman bayani ba da sunan mutum ɗaya za ta tafi ba, da sunan reshe za ta tafi, ni zan rubuta ta ba ko kwabo. Abin da kuka kawo zan jera shi unguwa unguwa, jaridarmu ta buga, a ajiye na cikin gari kusa da na ƙauye kowa ya gani da idonsa.

Littafi na nan a kan tebur. Wanda ya yarda ya zo ya ba da sunansa da unguwarsa, zan zauna har a kira magariba. Mutanen ƙauyukan da suka zo cin kasuwa su fara zuwa, don kada motarsu ta tashi ta bar su.